Durowar da ke Numfashi

Sabulu ne ya fara tona asirin. Auta ta shiga banɗaki da safe ta tarar an gutsure gefensa, ga sawun ƙananan haƙora a jere kamar an ja cokali mai yatsu a kai. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce wa kanta ai sabulun yanzu duk haka yake. Sai da ta ɗaga murfin keken ɗinkinta ta ga an tsinke zaren da ta ɗaura jiya, ga baƙaƙen ƙwayoyi a warwatse a kan yadin da za ta yanka, sannan ta daina yi wa kanta ƙarya. Ɓera ya shigo gidan.

Auta tela ce, mace mai zafin nama da zafin baki. Ba ta tsoron kare, ba ta tsoron duhu, masu kawo ɗinki ma su ke shakkarta. Amma ɓera kam, ko sunansa aka ambata sai ta ɗage ƙafafu daga ƙasa. Kuma ya zaɓi lokacin da ba ta da sararin ko tsefe kanta, domin tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifinta, ita kaɗai ke jinyarsa. Ta kwaso kekenta daga shagonta ta girke shi a falo, daidai ƙofar ɗakinsa, don ta riƙa taka keke tana leƙensa.

Baba kafinta ne, ko kuwa a ce kafinta ne a da. Shagonsa na nan manne da gidan, a rufe, zarto da guduma suna rataye inda ya bar su. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce hannun dama da harshen za su iya dawowa in har zai riƙa gwadawa. To, gwadawar ce Baba ya ƙi. A ba shi ƙwallon roba ya matsa, ya bari ta gangare. A ce masa ya ce "a", ya kau da kai. Da safe Auta ta ɗaga shi ta zaunar a kujera, da yamma ta mayar da shi gado, a tsakani kuwa idonsa na kan bangon nan guda, inda kabad ɗinsa mai durowoyi yake tsaye. Mutumin da a da muryarsa ke tsallake katanga in yana faɗa da masu kawo katako, yanzu ko tari sai ya ga dama.

Wanta, wanda take kira Yaya, direban babbar mota ne da ya yi gida a wani gari mai nisa. Shi ya yanke shawarar cewa zai zo ya ɗauke Baba, a rufe shagon gaba ɗaya, a sayar da kayan aikin. Ba don mugunta ba. Ya ga yadda ƙanwarsa ta rame, ya ga ɗinkin mutane ya taru mata, kuma gidansa kusa yake da babban asibiti.

"Auta, ki daina wahalar da kanki," in ji shi a waya. "Baban da muka sani ya riga ya tafi. Jikin ne ya rage, shi kuwa ko'ina aka ajiye shi ɗaya ne."

"Yana nan ciki, Yaya. Wallahi yana nan."

"To me ya ce miki?"

Ta san gidan Yaya, hawa na sama ne, taga ɗaya mai kallon bangon wani gini. Ta san in aka kai Baba can aka raba shi da ƙanshin katakon da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofar shago, ko da akwai sauran wani abu a cikinsa to zai mutu. Amma sanin zuciya ba hujja ba ne, Yaya kuwa ya ce zai zo ƙarshen wata da mota.

Duk haushin nan sai ta juye shi a kan ɓera. Ta sayo tarko mai ƙarfe ta laƙa masa gutsuren burodi, da safe ta tarar an cinye burodin, tarkon na nan a ɗane yana jiran yatsanta. Ta sake ɗanawa, aka sake cinyewa. Ta ja gado, ta ja firji, ta fitar da tukwane, ta zazzage buhun ƙyallaye a tsakar gida har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko tashi za su yi. Duk wata kafa da ta gani a bango ta cusa mata tsumma ta bi da siminti. Ta duba cikin takalma, ta duba bayan rediyo, ta duba har cikin matashin kujera.

Wuri ɗaya ne ba ta duba ba, wato kabad ɗin Baba. Kuma duk wanda ya tashi a gidan nan ba zai duba ba. Kabad ne da Baba ya yi da hannunsa tun kafin a haife ta, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katako ne ya kama katako. Tun suna yara suke jin ana cewa ko tururuwa ba ta samun hanya a aikin Baba, kuma sun yarda da wannan kamar yadda suka yarda da sunayensu. Durowar sama ita ce ta magungunansa, Auta na buɗe ta safe da yamma. Na tsakiya cike suke da tufafi, da ƙyar ake jawo su. Ta can ƙasa kuwa ba kowa ke taɓa ta ba, 'yan tsofaffin ɗankwalayen marigayiya mahaifiyarsu ne kawai a ciki. Wani lokaci in tana shara takan ga ta ɗan turo baki, sai ta mayar da ita da ƙafa tana cewa katako ma tsufa yake yi.

Ana cikin haka sai ga abin farin ciki. Burodin da take ajiye wa Baba a gefen shayi, wanda kullum take ɗaukewa yadda ta kawo shi, ya fara raguwa. Ran farko gefe ɗaya, washegari rabi. Auta baki har kunne, ta kira Yaya tun bai tashi daga barci ba.

"Ya fara ci da kansa! Da hannunsa, Yaya!"

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya, amma muryarsa ta mai lallashin yaro ce.

Ta ƙudura sai ta gani da idonta. Da hantsi ta kai masa shayin, ta ba shi magani, ta rufe durowa, ta fito ta zauna a keke. Ta ci gaba da takawa don ya ji ƙara, amma wuyanta na miƙe tana leƙe ta gefen labule. Ta ga hannun hagunsa ya tashi a hankali, ya gutsuri burodin, ya murza shi tsakanin yatsu. Sai hannun ya wuce bakin, ya sauka gefen kujera, ya saki ɓarɓashin a ƙasa. Can sai ga wani ɗan abu mai launin toka ya ɓullo daga inuwar bango, ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya zo har gindin ƙafar Baba ya zauna yana ci da hannu biyu.

Ihun da Auta ta yi, sai da tsuntsayen kan wayar lantarki suka tashi. Kafin ta sauko daga kan kujerar da ta haye, ɓeran ya ɓace. Tsoron na wucewa sai baƙin ciki ya maye gurbinsa, irin mai ɗaci, wanda ya daɗe yana taruwa.

"Baba! Ni nake tashi da asuba in dafa, ni nake wanki, ni nake juya ka, ko kallona ba ka yi. Ashe ɓera ne ya fi ni? Na je na gaya wa Yaya ka fara ci, ashe ƙato kake kiwata mini a gida!"

Baba ko gezau. Idonsa na can gindin kabad. Ta tsaya tana huci, tana jira ko girarsa ta motsa, ko ya ji haushi, ko ya harare ta yadda yake yi a da in ta ɗaga masa murya. Ba abin da ya motsa. Ta koma falo ta kifa kai a kan keke ta yi kuka mai isarta, kuma a ranar ne karon farko ta ji a ranta cewa watakila Yaya ne ke da gaskiya.

Da la'asar ta je kanti ta sayo tarkon gam, irin faifan nan mai danƙo da ɓera ke takawa ya manne. Ta shimfiɗa shi daidai inda ta ga ya zauna, ta koma ɗinki. Da ta dawo ta tarar tawul ɗin da ke kafaɗar Baba ya faɗo a kan faifan ya rufe shi ruf. Ta ɓanɓare, tawul ya lalace, ta sayo wani faifan. Wannan kuma hularsa ce ta faɗa a kai. Ta tsaya riƙe da hular tana kallonsa, tana son ta ce da gangan ne, tana tsoron ta sake yin murnar banza. Ba ta gaya wa Yaya ba, domin ta san abin da zai ce: abu na faɗuwa daga jikin mara lafiya.

Yaya ya iso da hantsi a ranar da ya ce, da ƙaramar motar haya da direbanta, don a kwantar da Baba a baya. Ya durƙusa ya gaishe da mahaifinsa, ya riƙe hannun da ya shanye ya daɗe bai saki ba. Baba bai dube shi ba. Yaya ya miƙe ya share fuska da hannun riga, ya ce wa Auta ta haɗa kaya, gara su kama hanya da sauran rana.

Ta haɗa. Ta naɗe riguna, ta sa takalma a leda. Magunguna ne suka rage. Ta jawo durowar sama ta kwashe su, ta ɗaga hannu za ta tura ta, sai ta ji an cafke mata tsintsiyar hannu.

Hannun hagun Baba ne. Riƙon ba na mara lafiya ba ne, riƙon mutumin da ya yi shekara da shekaru yana danne katako ne. Ta juyo a firgice. A karon farko tun da ya kwanta, idonsa na cikin nata, kuma idon nan ba fanko ba ne, akwai mutum a bayansa, mutumin ma a fusace yake. Ya ja ta ƙasa, ya ci gaba da ja har sai da ta durƙusa a gefen kujerarsa, kanta daidai gwiwarsa. Sannan ya saki hannunta, ya nuna Yaya da yatsa, ya nuna durowar sama.

"Me yake so?" in ji Yaya da raɗa.

"Ina jin... rufe ta yake so ka yi."

Yaya ya tura durowar. Ta shige sumul ba ƙara. A daidai lokacin, can ƙasa, Auta ta ji wani ɗan sauti kamar mutum ya sauke ajiyar zuciya, sai ta ga durowar ƙasa ta turo kanta waje, ita kaɗai, faɗin yatsu biyu.

Ba wanda ya taɓa ta. Auta ta dubi ƙafar Yaya, tana nesa. Ta dubi Baba. Ya sake ɗaga yatsa, ya yi alamar a jawo. Yaya ya jawo ta sama, sai ta ƙasa ta koma ciki a hankali ta rufe kanta, har bakinta ya daidaita da jikin kabad kamar ba a taɓa yanka wurin ba.

"Subhanallahi," in ji Yaya. "Auta, kin gani?"

"Sake yi."

Ya tura, ta fito. Ya jawo, ta koma. Ya sauko ya durƙusa shi ma, ya miƙa hannu sama yana turawa yana jawowa, su biyu manya da su sun saki baki suna kallon kabad yana numfashi. Yaya ne ya fara gane dalili, shi da ya saba da birkin iska. Ya ce katakon ya kama juna ne har iskar da ke ciki ba ta da ta inda za ta fita, in an tura ta sama dole ta nemi hanya, sai ta ture durowar da ta fi sauƙi. Ya faɗa yana shafa gefen kabad ɗin da tafin hannu. Shekara nawa wannan abu yana tsaye a ɗakin nan, ya sha zafi ya sha damina, amma ko kafar da iska za ta tsere bai buɗe ba. Auta ta ƙura wa durowar ƙasa ido. Kullum tana tsaye a kansa tana buɗewa tana rufewa, ba ta taɓa sunkuyawa ta ga abin da ke faruwa a gindin ƙafarta ba. Shi kuwa Baba, daga kujerarsa, abin da yake kallo ke nan safe da yamma, ita tana cewa bango yake kallo.

Sai kuma wani tunanin ya faɗo mata, ta dafe ƙirji.

"Yaya, ashe ni ce nake buɗe wa ɓeran ƙofa."

Baba ya ɗora yatsa a leɓe. Suka yi tsit. An bar durowar sama a rufe, ta ƙasa a buɗe. Ba a jima ba sai ga ɗan hanci ya leƙo ta kafar, gashin baki na karkarwa, sannan kunnuwa biyu sirara har haske na ratsa su. Auta ta ji ƙafafunta na son tashi, amma hannun Baba na kan kafaɗarta, ta daure. Ba ta taɓa kallon ɓera ba, gudunsa kawai take yi. Yanzu ga shi kusa da ita har tana ganin ƙirjinsa na bugawa da sauri, ga 'yan yatsunsa ruwan hoda, kowanne da farcensa. Ya dubi su ukun da baƙaƙen idanunsa masu sheƙi, ya sauko ta jikin katakon, ya bi gindin bango ya shige bayan labule.

Da ya tafi, Baba ya yi alama a jawo durowar ƙasa gaba ɗaya. Yaya ya jawo ta a hankali ya ajiye a tsakiyar ɗaki, inda hasken taga ke sauka.

A kusurwa, a kan ɗankwalayen, akwai sheƙa. Dunƙule take kamar ƙwallo, da 'yar ƙofa a gefe. Auta ta matso, ta gane kayan ginin ɗaya bayan ɗaya: ga jan zaren da aka tsinke mata, ga shuɗin ƙyallen rigunan makaranta, ga zaren tawul, ga siraran ɓawon katako masu lanƙwasa waɗanda ba inda za a samo su sai shagon da ke rufe. An saƙa su cikin juna, an bi ciki da wani abu fari mai laushi. Sai da ta ƙura ido ta gane gashin gemun Baba ne, wanda take rage masa da almakashi yana zuba ƙasa. Ita da ta yi shekaru tana ɗinki ta san aiki in ta gan shi, wannan kuwa ba allura, ba almakashi, da baki da 'yan yatsu aka yi shi, a cikin duhu.

A tsakiyar farin gashin wasu abubuwa na motsi. Jajaye ne, tsirara, ba su fi kan ɗan yatsa ba, idanunsu a rufe. Fatarsu ta yi siriri har ana ganin farin nonon da suka sha a cikinsu. Ɗaya ya buɗe baki ya yi hamma.

"Allah mai iko," in ji Auta. "Ashe mace ce. Ashe uwa ce."

A waje direban haya ya danna oda. Yaya ya yi firgigit ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya koma mai hankalin da ya zo da shi.

"To, abin mamaki dai mun gani. Amma ɓera ɓera ne, ba a kwana da shi a ɗaki. Kawo bokiti da ruwa in fitar da su, rana na yi."

Ƙarar da ta biyo baya sai da ta sa Auta ta zabura. Baba ne ya daki hannun kujera da tafinsa. Ya sake duka. Sannan ya miƙa hannu ya nuna ƙofar da ke tsakanin falo da shago, ya riƙe hannun a miƙe, bai sauke ba.

"Baba, shago a rufe yake," in ji Yaya. "Ƙura ce kawai a ciki."

Hannun bai sauka ba.

Auta ba ta jira ba, ta ɗauko makulli. Suka ɗaga shi da kujerar gaba ɗaya, Yaya a baya ita a gaba, suka ratsa falo suna karo da keken ɗinki. Da ƙofar ta buɗe, ƙanshin katako ya tarye su, Baba ya lumshe ido ya ja shi har cikin ƙirji. Suka ajiye shi a gaban teburin aiki. Auta ta buɗe tagar titi, haske ya shigo ya sauka a kan kayan aikin da ke rataye, kowanne a ƙusarsa.

Baba ya fara nuni, su kuma suna kawowa. Ba wancan katakon ba, na bayansa, mara nauyi. Fensir. Zarto, ba babban ba, ƙaramin. Ya auna da tafin hannunsa, ya nuna tsawo, ya nuna faɗi, ya zana ɗan da'ira a gefe da yatsa. Auta ce ta fara ganewa.

"Akwati zai yi musu, Yaya. Mai 'yar ƙofa. A sa sheƙar a ciki, in uwar ta shiga a kai su can bayan gari cikin ciyawa."

"Akwati? Don ɓera?" Yaya ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskar mahaifinsa, ya haɗiye sauran.

Baba ya kama fensir da hagu zai ja layi. Katakon ya zame. Ya gyara shi, ya sake gwadawa, ya sake zamewa, domin ba abin da ke danne shi. Auta ta miƙa hannu za ta riƙe masa, ya ture hannunta. Ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya daɗe yana kallonsa. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kafaɗar ce ta fara motsi, sannan gwiwar hannun. Hannun ya ja jiki daga cinya, ya kai bakin tebur, ya faɗo. Auta ta toshe bakinta da mayafi don kada sauti ya fita. Ya sake ɗagowa, wannan karon ya haye, ya ja kansa a kan teburin har ya kai ga katakon, ya kwanta a kai da duk nauyinsa. Yatsun ba su buɗe ba, amma katakon ya tsaya. Baba ya ja layinsa, miƙaƙƙe daga gefe zuwa gefe.

Ya tura wa Yaya zarto.

Yaya ya karɓa kamar wanda aka miƙa wa jariri. Rabonsa da zarto tun yana saurayi, kafin ya gudu daga shagon nan ya bi motoci. Ya naɗe hannun rigar tafiyarsa, ya ɗora haƙoran a kan layi, ya fara ja. Garin katako ya soma zuba a kan takalminsa mai sheƙi. Idonsa cike yake da ƙwalla, ba ya ganin layin sosai, zarton ya fara bin hanyarsa daban.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba, mai kauri, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Leɓensa ya karkata, ya yi ta kokawa da harshen. Yaya ya tsaya cak da zarto a cikin katako.

"Kar... karkace."

Yaya ya dubi Baba, ya dubi yankan. A karkace yake kuwa, ba musu.

"Baba, me ka ce?"

Baba ya harare shi, hararar nan da ta sa masu kawo katako ke mayar da kaya ba gardama.

"Ya... karkace. Sake."

Yaya ya saki zarton ya zauna daɓas a kan garin katako. Dariya ta kama shi, kuka ya kama shi, ya rasa wanda zai yi, ƙaton mutum mai furfura a gemu yana shessheƙa yana cewa, "Ya yi mini faɗa, Auta. Kin ji? Faɗa ya yi mini." Auta ta jingina da bango, hawaye na zuba ba ta ko share su.

A waje oda ta sake tashi, doguwa, ta mai gajiya da jira. Yaya ya share fuska da bayan hannu, ya bar garin katako a kumatunsa. Ya miƙe ya zaro zarton, ya ajiye ɓataccen katakon gefe, ya ɗauko wani ya shimfiɗa a gaban mahaifinsa.

"Je ki sallami mai motar nan," ya ce wa Auta ba tare da ya juyo ba. "Ki ce masa muna da aiki."

Ta tsaya a bakin ƙofa ta waiwayo. Baba ya riga ya sunkuya a kan sabon katakon, fensir a hagu, hannun daman na jan jiki a kan tebur yana neman wurin da zai danne.